Ranar da Jalal Ya Buɗe wa Babur ɗin Baba Wuta

Ku da kuke ta cika min waya da saƙon "Ikilima ki yi haƙuri ki karɓi Jalal, miji wuya yake yi a zamanin nan," ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin abin da gwanin naku ya aikata. In kun gama karantawa, duk wadda har yanzu yake burge ta ta turo min lambarta, wallahi kyauta zan haɗa ku, ko tukuici ba na so.

Saboda sababbin shigowa, ni ce Ikilima, 'yar Malam Muhammadu Lawal, a Kazaure nake, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta. Jalaluddeen kuwa ɗan yayar Ummata ne, Hajiya Aishatu ta Babura. Wai canjin sefa yake yi a kasuwa. Ni dai in an tambaye ni sai in ce yana zama kusa da masu canjin sefa, don ban taɓa ganin abin da ya canja ba in ban da hula. Tun da Umma da Hajiya suka ƙulla a waya cewa a yi tuwona maina, gidanmu ya koma masa tasha. Turarensa ke riga shi sallama. Kullum da makullin mota a hannu yana kaɗawa, motar kuwa kullum tana "wajen wanki." Ni ban san irin dauɗar da ke jikin motar nan ba da har yau ba a gama wanke ta ba.

To, bari in koma kan Baba.

Baba malamin gona ne a da. Tun da ya yi ritaya ya zama kamar an zare masa laka. Daga masallaci sai kujerar roba a gindin darbejiya, rediyo a kunne, ko labarun ba na jin yana saurare. Umma ta yi mita har ta gaji. Sai wata rana bayan sallar Asuba muka ji ana jan abu a ɗakin shirgi, muka leƙa, ashe tsohon jan babur ɗinsa ya jawo, wanda ya zaga ƙauyukan Roni da Gwiwa a kansa tun ba a haife ni ba. Kaji sun mayar da shi gidan gadonsu, har da ƙwai a ƙarƙashin sirdi.

"Malam, 'yan jari-bola za ka kira?" in ji Umma.

"Tashinsa zan yi," Baba ya ce.

Umma ta riƙe haɓa. "Allah Ya ba da sa'a. In ya tashi ka gaishe min da shi."

Wallahi da gaske yake. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya warware injin nan ɗaiɗai. Ya je Kano da kansa ya sayo sabon fistin da ringi da su fulogi, ya kai bulok aka gyaro masa. Ni ce mai wankin ƙarafa da kananzir a tsohuwar robar wanke-wanke, in na dawo daga makaranta ko hijabi ba na gama cirewa zai ce, "Ikilima, miƙo min sifana mai lamba goma." Farcena ya yi baƙi ƙirin, lallen da na sa ya bi ruwa. Umma kuwa abin faɗa ya samu: farantinta na silba ya koma mazubin notina, tsohon zaninta na atamfa ya zama tsumma. Amma na lura tana faɗan tana ajiye masa kunun gyaɗa a inda hannunsa zai kai.

Ranar da ya gama haɗawa, ya yi bismilla ya taka kik. Shiru. Ya sake. Tari ɗaya. Ya sake takawa, sai ga inji ya ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ga haƙoran Baba duka a waje har na manta.

Daga nan aka shiga abin da Baba ke kira lallaɓawa. Ya ce sabon inji ƙarafunsa ba su san juna ba, sai an bi su a hankali har su zauna. Ba gudu, ba doguwar tafiya, ba a barinsa ya yi zafi sosai, kuma da wuri za a juye baƙin mai don ya fito da ɓurɓushin ƙarfe. Shi ke kai ni makaranta kullum da safe, kuma ku yarda da ni, masu keke wuce mu suke yi suna gaishe mu. Akwai ranar da wata tunkiya ta raka mu har kwanar makaranta ba tare da ta yi haki ba. In ya sauke ni sai ya gangara bakin dam ya kashe shi ya huta, ya kara tafin hannu kusa da injin kamar mai duba zazzaɓin jariri. Burinsa guda ne: in injin ya zauna, ya hau abinsa har Gwiwa ya gaishe da yayarsa da ke fama da ciwon ƙafa, ta gan shi a kan jan babur kamar yadda ta saba ganinsa da ƙuruciya. Har ya ba da babbar rigarsa guga.

Sai Asabar ta zo, ta zo mana da Jalal.

Farar shadda ya sa, ɗinkin ya kama shi kamar an zuba shi a ciki, hula an karya ta gefe, gilashi baƙi a fuska alhali hadari ne a garin. Ya tarar da Baba a tsugune yana goge salansa, ni ina shara.

"Kai, kai, kai! Baba, ashe gawa ta tashi!"

Wai gaisuwa ke nan. Baba ya yi murmushi ya amsa masa da "Jalalu, an zo lafiya? Ya Hajiya?"

Bai ko amsa ba, ya hau zagaya babur yana ƙwanƙwasa tanki da makullin motar nan tasa. Baba ya yi masa bayanin lallaɓawa, shi kuwa ya tuntsire da dariya.

"Haba Baba, ai wannan tsohon yayi ne. Ni a waya na gani, Turawan da suka ƙera abin ma cewa suka yi sabon inji wuta ake buɗe masa tun ranar farko. In ka lallaɓa shi sai ya zama malalaci. Kawo makulli ka gani, yanzu zan buɗe maka maƙogwaronsa."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. A raina na ce, kai da ko tayar keke ba ka taɓa yi wa faci ba.

"Yaya Jalal," na ce, "Turawan da ka gani a waya, su suka haɗa wannan?"

Umma ta leƙo daga kicin ta watso min harara. "Ke, ana magana da manya." Sannan ta sassauta murya. "Malam, ba shi mana ya ɗana. Ɗanka ne fa. Sai ka ce wani jirgin sama."

Kun san Baba da kunya. Yaron da ake cewa zai zama surukinsa, ga ƙanwar uwarsa a tsaye, ya zai ce a'a? Na ga hannunsa ya daɗe a aljihu kafin ya fito da makullin.

"To Jalalu, iyakarka bakin tasha ka dawo. Kada ka matsa masa. In ka ji ya ɗau zafi ka tsaya."

"An gama, Baba."

Ya tura shi waje ya tayar, ya tafi a hankali kamar mutumin kirki. Yana shan kwanar layinmu muka ji ƙara, wata irin ƙara kamar ana yanka ƙarfe da zarto. Baba ya runtse ido. Ya koma kujerarsa ya zauna, tsumman na hannunsa.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Hoto ne: Jalal a kan babur, leɓe a turo, yatsu biyu a sama. A ƙasa ya rubuta, "Gimbiyata kin ga direbanki."

Na rubuta, "Ka dawo da shi yanzu."

"Kishi kike da babur? Hhhh."

Sai ga bidiyo. Hannu ɗaya a kan totur, ɗaya riƙe da waya, bishiyoyi na wucewa fuu, iska na kaɗa masa baki yana ihu, "Roni zan taɓo in dawo! A gaya wa Baba na yaye masa jariri!" A bayan ihun nasa kana jin injin yana kuka kamar zai tsage. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya katse. Na dubi Baba a gindin darbejiya, na kife wayar a cinyata. Me zan ce masa?

Aka yi Azahar babu Jalal. Baba ya fita ƙofar gida ya dawo, ya sake fita. Abincinsa na rufe bai taɓa ba. Sai wajen La'asar muka ji tsayuwar babur, Baba ya miƙe da sauri har takalminsa ɗaya ya zame. Ɗan acaɓa ne. Jalal ya shigo da ledar tsire a hannu, ƙafar wandonsa ta yi baƙi da mai, yana tafe yana duba ta.

"Umma ga tsaraba. Kai, yau na ga ta kaina. Dubi shaddata, sabuwa dal!"

"Jalalu, ina babur ɗin?" Baba ya tambaya.

"Ai Baba injin nan naka ba shi da ƙwari. Ina cikin tafiya kawai ya yi ƙaf ya ɗauke. Allah ne ma Ya tsare da ya kayar da ni. Na bar shi can wajen Roni, gun wani mai faci."

"Wane mai facin?"

"Oho, wani dai baƙi haka, a gindin bishiya."

Jama'a, wani baƙi a gindin bishiya. A ƙasar Roni. Sai ka ce ya ce wani mai hula a masallacin Juma'a.

Umma ta ce, "Subhanallahi, ba ka ji ciwo ba dai? Cire wandon a jiƙa shi da omo tun bai kama ba." Ya zauna a tabarma ya buɗe tsiren da ya ce tsarabar Umma ce, ya fara ci.

Ni dai na shiga ɗaki na zuro hijabi. Baba ya samo a-kori-kura a bakin kasuwa, na ce sai na bi shi, bai hana ni ba. Muka kama hanyar Roni muna leƙen gindin kowace bishiya. Can gab da shiga gari, inda duwatsu suka fara, na hango ja a jingine jikin wata tsamiya.

Mai facin dattijo ne, Daudu sunansa. Da ya ji Baba ne mai babur sai ya kama salati.

"Malam, tun daga nesa nake jiyo kukan injin nan, na ce wannan ko ɓarawo ne aka biyo. A nan gabana ya fara hayaƙi ya mutu. Na ce masa, samari bar shi ya huce. Wallahi bai saurare ni ba, ya sayi ruwan leda mai sanyi ya kwarara masa a ka, ji kake caaa. Ya sake tayarwa da ƙyar, ya murɗe totur har ƙarshe wai zai wanke masa ciki. Ko dogon numfashi bai yi ba muka ji ƙwas."

Baba ya dafa sirdi ya ɗora ƙafa a kan kik. Ko motsi. Ya sake dannawa da duk nauyinsa, kamar an dasa shi a dutse. Ya tsuguna ya shafa gefen injin, baƙin mai na tsiyaya ta wata tsaga da ba ta nan da safe. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce wa Daudu, "Mun gode da ka tsare mana shi," muryarsa ƙasa-ƙasa.

A dawowa bai yarda ya shiga gaba ba, ya ce babur zai faɗi. Muka zauna a baya ni da shi, kowa ya riƙe gefe guda. Mun yi nisa, sai ya ce, "Ikilima."

"Na'am, Baba."

"Ba zancen babur zan yi miki ba, wannan ƙarfe ne. Ke nake tambaya. Kina son yaron nan?"

Wata da watanni ana wannan magana a gidanmu, an tambayi ra'ayin Hajiya, an tambayi na kawunnai, har maƙwabciyarmu an tambaya. Ni sai yau, a bayan a-kori-kura.

"Baba, ko da ya dawo da babur ɗin nan lafiya lau, ba na son sa. Ban taɓa son sa ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ya kawar da kai yana kallon gonaki. Can ya ce, "Zan yi magana da mahaifiyarki."

Na so in yi murna, amma na san gidanmu. Baban da ko a kan gishirin miya bai taɓa cin gardama da Umma ba. Haka kuwa aka yi. Bayan Magariba, Jalal ya riga ya tafi da wandonsa a leda ba ko sallama, Baba ya fara, "Dela, game da maganar yaran nan..." Umma ta tare shi. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Yaro ne, ƙuruciya ce. A kan tsohon ƙarfe za a ɓata zumuncin da aka gada? Me za ta ce wa yayarta? Baba ya ɗauki butarsa.

Ni kuwa na shige ɗaki na rubuta wa gogan saƙo: "Ka kashe abin da Baba ya yi wata da watanni yana haɗawa, ka zauna ka cinye tsire, ka tafi ko haƙuri ba ka ba shi ba. In kana da sauran kunya ka kira shi." Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba.

Da safiyar Lahadi na tashi na ga Umma ta sa an yanka kaji biyu, ta jiƙa zoɓo, ta sa an share har bayan ɗakin shirgi. Ta ce in kwaɓa cincin, in na gama in yi wanka in sa leshina mai ruwan goro.

"Umma, baƙi za mu yi?"

"Ke dai yi abin da aka sa ki."

Ina tsugune a ƙofar kicin hannuna dumu-dumu da fulawa, Baba na can gefe ya cire kan injin yana kallon fistin da ya narke ya manne, sai wayata ta yi ƙara a kan turmi. Umma ta leƙa.

"Yauwa, ga shi nan, Jalalu ne ya turo murya. Na san haƙuri zai bayar. Yaron nan yana da tarbiyya, ku ne dai ba ku fahimce shi ba."

"Umma bar shi, in na wanke hannu na ji."

"A'a, a ji a gaban kowa, don bakinki ya mutu." Ta danna, ta ƙure ƙara, har da ɗaga wayar sama saitin Baba.

Muryar Jalal ta cika tsakar gida, da alama ma yana tauna wani abu.

"Haba Gimbiya, wai a kan wannan gwangwanin kike min tsiwa? Ni zan kira shi in ba shi haƙuri? Ai taimakonsa na yi, da a hanyar Gwiwa ya mutu masa fa? Tsohon nan zaman banza ne ya dame shi, ya fara rikicewa, ku nema masa carbi mai dubu ya riƙa ja. Kuma ki daina min barazana da shi. Umma da bakinta ta gaya wa Hajiya ba shi da ta cewa a gidan nan, ita ke juya shi. Ita kuwa Umma turmin atamfa biyu na kai mata na gama da ita. Ki yi kwalliya dai, ki daina ɓata rai."

Saƙon ya ƙare. Man da ke kan wuta ne kaɗai ke ƙara.

Hannun Umma na sama har yanzu da wayar. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa a kan buhu, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hularsa.

"Malam..." Umma ta ce. "Malam, wallahi ba haka na..."

"Ba komai, Dela," ya ce, ko kallonta bai yi ba. Ya sa kai ya fita.

Da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi. Umma ta zauna daɓas a kan turmi. Shekara talatin tana yi wa Baba mita safe da yamma, amma ban taɓa ganin ranar da wani ya taya ta ba, sai yau, kuma ɗan da take kira nata. Ta sake danna saƙon ta kara a kunnenta ita kaɗai, ta saurara har ƙarshe. Da ta gama ta shiga ɗaki, na ji ana jan akwati. Ta fito da atamfofi biyu ko ɗinki ba a yi musu ba, ta ajiye su a ƙasa a tsakiyar gida, kusa da tiren baƙin mai.

A daidai lokacin muka ji tsayuwar motoci a ƙofar gida, sai guɗa, ayyiriri, da muryar Hajiya Aishatu a sama da ta kowa tana cewa a sauke akwatin a hankali.

Na dubi Umma. "Su waye?"

"Kayan na-gani-ina-so suka kawo," ta ce. "Ni na ce su zo yau. Ko mahaifinki ban gaya wa ba."

Sallamar mata ta cika zaure, ƙamshin turaren wuta da humra ya riga su shigowa. Tarbiyya ta sa na miƙe da hannuna na fulawa na nufi inda manyan tabarmi ke jingine.

"Ikilima."

Na juyo. Umma ta miƙe, ta kwance zaninta ta sake ɗaura shi tamau, ta gyara ɗankwali, wayata na damƙe a hannunta.

"Mayar da tabarmar nan," ta ce. "A tsaye za su saurara."